Wayar taka ce, amma wa ke riƙe da makullin ƙofa?

Sadiq Manhaja:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Tun jiya wata magana ke min yawo a rai, na ga gara in baje ta a nan. Kun san manhajata ta makarantun Islamiyya, wadda malamai ke rubuta haddar yara da kuɗin wata a ciki. Shekara uku ke nan ban taɓa kai ta wani shagon manhaja ba. Fayil ɗin APK, wato fayil ɗin girka manhaja a Android, nake tura wa shugaban makaranta ta WhatsApp, shi kuma ya raba wa malamansa ta Xender, magana ta ƙare.

To a watan Agustan 2025 Google ya sanar da cewa wannan hanyar ma za a sa mata mai gadi. Duk manhajar da za a girka a wayar Android mai ɗauke da kayan Google, ko da ba daga Play Store ta fito ba, sai wanda ya rubuta ta ya yi rajista da su: sunansa na gaskiya, adireshi, lambar waya, katin shaida in an nema, sannan ya yi rajistar sunan manhajar da makullin da yake sa mata hannu da shi. Sun ce za su fara a Satumban 2026 da Brazil da Indunusiya da Singafo da Tailan, sauran duniya kuma daga 2027. Mu muna cikin sauran duniyar nan.

Tambayata ita ce: malami ya sayi Tecno ɗinsa da guminsa, ni na rubuta manhaja da gumina, mun yarda da juna. Me ya kawo wani kamfani na Amurka tsakaninmu?

Mubarak:
Wa alaikumus salam Yaya Sadiq. Ni fa na ɗauka bambancin Android da iPhone ke nan, wato a Android kana girka abin da ka ga dama.

Malam Tukur:
Haka aka tallata mana ita, Mubarak, kuma haka ta kasance shekara da shekaru. Gindin Android a buɗe yake, kowa na iya ɗaukar kod ɗinsa, wato rubutun umarnin da aka gina shi da shi. Amma wayar da ke hannunka ba gindin kaɗai ba ce. An ɗora mata Play Store da taswira da hanyar aiko da sanarwa, waɗannan kuwa mallakin Google ne, kuma mai ƙera waya sai ya sa hannu a yarjejeniya kafin a ba shi su. Ku tuna abin da ya sami Huawei a 2019, lokacin da gwamnatin Amurka ta sa masa takunkumi. Android bai ɓace masa ba, kayan Google ne suka ɓace, amma hakan kaɗai ya isa ya karya kasuwar wayoyinsa a wajen China.

Waɗanda wannan sabon tsari ya fi tsorata su ne F-Droid. Shago ne na manhajoji masu buɗaɗɗen kod, yana nan tun 2010. Su ba fayil suke karɓa a rufe ba. Kod ɗinka suke ɗauka, su duba, su gina manhajar da kansu, yawanci su sa mata hannu da nasu makullin. Da yawa daga masu rubuta waɗannan manhajoji ba a san sunansu ba, wasu da gangan suka ɓoye, don ƙasashensu ba wurin wasa ba ne. A Satumban 2025 F-Droid suka fito ƙarara suka ce in aka aiwatar da wannan tsari, aikinsu kamar yadda aka san shi ya zo ƙarshe.

Maman Ihsan:
Malam, da girmanka, amma bari in ja da ku kaɗan. Ni a harkar manhajojin kuɗi nake, abin da nake gani kullum ya sa ba na iya tafa wa wannan maganar 'yanci hannu biyu.

Kun manta da masu ba da bashi ta waya? Mutum ya karɓi dubu goma, su kwashe duk lambobin da ke wayarsa, ranar da ya yi latti su aika wa surukarsa da limamin unguwarsu saƙo cewa ɓarawo ne, wasu har da sanarwar mutuwarsa. Me ya rage musu kaifi? A 2023 Play Store ya hana manhajojin bashi taɓa lambobin mutane da hotunansu, ya kuma ce duk mai ba da bashi a Najeriya sai ya nuna amincewar hukumar kare haƙƙin masu sayayya, wato FCCPC. Sai miyagun cikinsu suka koma ina? Suka koma tura APK ta saƙon tes da WhatsApp. Hanyar da Sadiq ke bi ya kai wa malamai alheri, ita ɗin dai suke bi su kai wa talaka masifa. Google ma ya ce abin da ya gani na muggan manhajoji daga waje ya ninka na cikin shagonsa fiye da sau 50.

Sadiq, kai sunanka ba ɓoyayye ba ne. Ka ba da katin shaida, ka ci gaba da aikinka. Me za ka rasa?

Sadiq Manhaja:
Anti, ba katin ne damuwata ba. Banki ma yana da shi, kamfanin layi ma yana da shi. Damuwata ita ce wanda zai iya cewa "eh" yau, gobe zai iya cewa "a'a". A yanzu in shago ya kore ka, kana da ƙofar baya. In aka haɗa ƙofar gaba da ta baya a hannun mutum ɗaya, ranar da na'urarsu ta yi kuskure ta rufe asusunka, wa za ka kai wa kuka? Kuma wancan adadi na sau 50, mai shagon ne ya ƙirga da kansa. Mai tuwo ba ya cewa miyarsa ba gishiri.

Oga Isiya Farm Centre:
Ku bari mu 'yan kasuwa mu sa baki, tunda a teburinmu abin ke faruwa. Mutum ya zo daga ƙauye da sabuwar waya a kwali, bai da imel, bai san kalmar sirri ba, data kuma tsada. Ya ce a zuba masa kaya. Mu zuba masa Alƙur'ani, wa'azi, finafinai, manhajoji goma sha, duk daga kwamfuta ko Xender. Rabin mutanen nan ba su taɓa buɗe Play Store ba har wayar ta mutu. In aka toshe wannan hanya, ba Sadiq kaɗai zai ji a jikinsa ba.

Amma don Allah kar mu yi wa juna ƙarya, Hajiya Maman Ihsan tana da gaskiya a wani wurin. Abin da aka fi nema a wurinmu ba manhajar Islamiyya ba ce, GB WhatsApp ne da wasannin da aka fasa. Ba wanda ya san wa ya taɓa su, ba wanda ya san me aka cusa a ciki. Ni da kaina na daina zuba su tun da aka fara rufe layukan masu amfani da su, don mutum kai zai dawo wa da faɗa.

Maman Ihsan:
Allah ya yi maka albarka Oga Isiya. Shaida daga bakin mai ita.

Malam Tukur:
Ba wanda ya musa cewa akwai ɓarayi, Maman Ihsan. Abin tambaya shi ne wa ya kamata ya kama su. A misalin da kika kawo, hukuma ce ta ƙasa ta kafa doka, wadda in ta zalunce ka kana iya kai ta kotu a Abuja. Shago ya bi dokar ne. Wannan daban, kamfani ya naɗa kansa sarkin ƙofa na wayoyi biliyoyi daban. Kuma ɗan damfarar da ke iya buɗe asusun banki da katin wani, rajista ce za ta gagare shi?

Maman Ihsan:
Ba za ta gagare shi sau ɗaya ba, Malam, amma za ta gajiyar da shi a karo na hamsin. Yanzu in aka toshe manhajarsa, cikin minti goma ya canja mata suna ya sake saki. Tsaro ai ba katanga ba ce da ba a haurawa, tsada ce ake ƙara wa ɓarawo.

Habu Jamus:
Na shigo a makare, yanzu na tashi daga aiki. Bari in ba ku labarin nan Turai, don mu an riga an gwada mana maganin da Malam ke nema, wato hukuma ta shiga tsakani.

Tarayyar Turai ta yi dokar kasuwannin dijital, wadda ake kira DMA. A Satumban 2023 ta ware kamfanoni shida ta ce su ne masu gadin ƙofa: Alphabet (uwar kamfanin Google), Amazon, Apple, ByteDance, Meta da Microsoft. Daga Maris 2024 dole Apple ya yarda a buɗe wasu shagunan manhaja a iPhone a cikin Turai. Ni da idona na girka AltStore, wani shagon manhaja da ba na Apple ba, a wayata, abin da a da ko a mafarki. Amma ku ji yadda aka buɗe ƙofar. Apple ya ce wanda ya zaɓi sabon tsari, in manhajarsa ta wuce girkawa miliyan ɗaya a shekara, zai biya rabin yuro a kan kowace girkawa da ta hau kai, ko da manhajar ba ta bi ta shagonsa ba. Kuma kowace manhaja sai ta bi ta hannunsu sun duba sun buga mata hatimi. Wato an ce ka tashi daga gidan haya ka gina naka, amma mai gidan da ka baro yana karɓar kuɗin shara. A Afrilun 2025 Tarayyar ta ci Apple tarar yuro miliyan 500 saboda hana masu manhaja nuna wa kwastoma hanyar biya mai rahusa a waje. Kuɗi ne mai yawa a wurina da ku. A wurinsu kuwa cinikin 'yan sa'o'i ne.

Mubarak:
Yaya Habu, ita la'adar da shagunan nan ke cira daga cinikin masu manhaja nawa ce takamaimai? Ina jin ana cewa kashi 30.

Habu Jamus:
Kashi 30 ita ce ta asali, tun da aka buɗe App Store a 2008. Daga 2021 aka rage wa ƙanana zuwa 15: a Apple in cinikinka bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba, a Google kuma a kan miliyan ɗayan farko. Kar ka ɗauka tausayi ne ya kawo ragin. A Agustan 2020 Epic Games, masu wasan Fortnite, suka cusa nasu hanyar biya a cikin wasan da gangan. A ranar Apple da Google suka cire shi, a ranar Epic ya shigar da ƙara, don takardun suna aljihu tun kafin a fara. Bayan 'yan watanni sai ga ragi.

Shari'ar ta yi tsawo. Da Apple, a 2021 alƙaliya ta ƙi yarda cewa ya yi babakere a kasuwa, amma ta ce dole ya bar masu manhaja su nuna hanyar biya ta waje. Apple ya ce to, amma zai karɓi kashi 27 a kan cinikin da aka yi ta wajen. In ka ƙara kuɗin kamfanin kati, ka koma gidan jiya. A Afrilun 2025 alƙaliyar ta fusata ta ce da gangan suka ƙi bin umarninta, a watan Mayu Fortnite ya dawo shagon Amurka, bayan kusan shekara biyar. Da Google kuwa, a Disamban 2023 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce lallai ya yi babakere ba bisa doka ba.

Maman Ihsan:
Shekara biyar da rundunar lauyoyi. Kuma Epic ba maraya ba ne, Tencent na China na da kaso mai tsoka a ciki, kuma shi ma yana da nasa shagon da yake karɓar kashi 12. Faɗan dillalai ne a kan la'ada, kar mu mai da shi jihadi.

Habu Jamus:
Na yarda, Anti. Amma in giwaye biyu suka ture katanga suna faɗa, akuya ma tana samun hanyar wucewa.

Lawali Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina ta karatu ina murmushi. Wannan kashi 30 da kuke lissafi, mu nan ko a jikinmu. La'adar a kan kayan dijital take, irin su kuɗin rajistar wata da kayan cikin wasa. Wanda ke saida shinkafa ko tikitin mota ta manhaja ba ruwansa da ita. Kuma wane kwastoma nawa ne ke da katin da zai biya a shago? Mutum ya aiko min da kuɗi ta Nita ko Amana ko Airtel Money, in tura masa lambar buɗewa, mun rabu lafiya.

Ƙofar da ta fi tsaya mana a wuya ita ce ta shiga. Dala 25 sau ɗaya a Google, dala 99 kowace shekara a Apple, kuma don ka gina ta iPhone kusan dole ka nemi kwamfutar Mac. Kuɗin ma da sauƙi a kan hanyar biyansu. Sai da na yi wata biyu ina neman katin da zai wuce, a ƙarshe wani ɗan uwa a Faransa ya biya min. Don haka in an ce rajista ta zama tilas har ga mai tura APK, ni abin da nake hangowa shi ne yaro mai basira a Tasawa ko Mirya da ba shi da fasfo, ba shi da adireshin da na'ura za ta gane, ba shi da kowa a Faransa.

Sadiq Manhaja:
Malam Lawali ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Mu ma mun sha wannan. A 2022 bankunan Najeriya suka rage abin da katin naira ke iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawa suka rufe gaba ɗaya, sai a 2025 aka fara buɗewa. Dala 20 a wata, rajista dala 25. Ka ga lissafin da ba ya haɗuwa.

Shi ya sa nake tunanin mai da manhajar ta zama ta burauza kawai. Malami ya buɗe adireshi, ya danna a ajiye ta a fuskar waya, ta yi aiki ko ba data. Ba shago, ba rajista, ba mai gadi.

Habu Jamus:
Hanya ce mai kyau, kuma ga irin aikinka za ta wadatar. Sai dai ka sani burauzar ma tana da masu ita. Chrome na Google ne. A iPhone kuwa shekara da shekaru kowace burauza, ko wane suna ta ɗauka, injin Apple ne a cikinta, wato WebKit. Sai a 2023 suka bar manhajar burauza ta iya aiko da sanarwa. A Fabrairun 2024 ma suka ce za su cire manhajojin burauza daga fuskar waya a Turai baki ɗaya, sai da aka yi musu ca suka janye. Abin dariyar shi ne a 2007, da iPhone ta fito, Steve Jobs da bakinsa ya ce wa masu manhaja su rubuta ta burauza, ba sa buƙatar komai. Da aka ga abin da shago ke kawowa, sai waƙa ta canja.

Oga Isiya Farm Centre:
To gudun gara an tadda zago ke nan. Ko ina ka juya mutum biyun nan ne.

Malam Tukur:
A'a Isiya, akwai bambanci, kuma a nan nake so yaran zauren nan su buɗe kunne.

A 2023 akwai wani matashi ɗan Kanada, Christian Selig, da ya rubuta manhajar Apollo ta karanta dandalin tattaunawa na Reddit. Mutane sun fi son ta a kan ta kamfanin. Rana ɗaya Reddit ya sa wa ƙofar da manhajoji ke bi su ɗebo bayanai farashi, ya lissafa ya ga zai riƙa biyan kusan dala miliyan 20 a shekara. Ranar 30 ga Yuni ya rufe. A farkon 2023 ɗin dai Twitter ya datse Tweetbot da Twitterrific, manhajojin shiga Twitter da wasu suka rubuta, ba tare da ko sallama ba, bayan sun fi shekara goma suna yi masa hidima. Waɗannan mutane sun iya aiki fiye da mu duka. Abin da ya kashe su shi ne duk abin da suka gina, a filin wani yake.

Yanzu ku kwatanta da wannan. A 2005 masu gina Linux, tsarin sarrafa kwamfuta mai buɗaɗɗen kod, suna amfani da wata manhaja mai suna BitKeeper wajen adana kod ɗinsu, kyauta amma ba tasu ba. Aka samu saɓani, mai ita ya janye kyautar. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, bai je neman wani mai gidan ba. Ya zauna cikin 'yan makonni ya rubuta Git, kuma ya tsara ta yadda duk wanda ya kwafi aiki, ya kwafi tarihinsa gaba ɗaya. Shi ya sa da Microsoft ya sayi GitHub, dandalin da masu manhaja ke ajiye kod ɗinsu ta Git, a 2018 a kan dala biliyan 7.5, wanda bai ji daɗi ba ya tattara kod ɗinsa ya koma wani dandalin irinsa, GitLab, da umarni biyu ko uku. Shi ya sa a 2019, da GitHub ya taƙaita asusun mutanen Iran da Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka, wanda ke da kwafi a kwamfutarsa bai rasa kod ɗinsa ba. Yau akwai Codeberg, ƙungiya ce ba ta riba ba a Berlin mai irin wannan hidima, mutane na komawa can.

Ni ba na ce wa kowa kar ya shiga gidan haya. Cewa nake ka shiga da kayan da za ka iya ɗaurewa a dare ɗaya. Adireshin shafi naka na kanka. Kod a hannunka. Lambobin kwastomominka a littafinka, ba a cikin mabiyan wani dandali ba. Burauza ta fi shago ne ba don masu ita waliyyai ne ba, sai don ƙa'idojinta a rubuce suke a fili, kowa na iya gina tasa, kuma ba wanda kake neman izininsa kafin ka buɗe shafi.

Maman Ihsan:
Malam, kod yana tashi a dare ɗaya, na yarda. Mutane fa? Wanda ya bar GitHub ya bar masu kawo gyara, ya bar inda masu ɗaukar aiki ke dubawa. Ni in zan ɗauki yaro aiki, shafinsa na GitHub nake fara buɗewa, ba zan ɓoye ba. Masu Tweetbot sun koma Mastodon, wani dandali mai kama da Twitter, sun yi masa manhajar Ivory, madalla, amma kasuwar da suka tarar can ta kai wadda suka baro? Mu nan ma mun gani. Da gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, aka kawo mana kishiyarsa Koo daga Indiya, har hukumomi suka buɗe asusu. Mutane suka gwammace su sa VPN su koma inda jama'a take. Koo ɗin ma ya rufe a 2024.

Kuma ku lura, a wancan karon ba kamfani ne ya rufe ƙofa ba, hukumar da Malam ke cewa a bar wa tsaro ce.

Malam Tukur:
Wannan kin kama ni, ba zan yi gardama ba. Hukuma ma mai gadi ce, wani lokaci ta fi kamfani saurin fushi. Amma hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. Abin da ke da ofis ɗaya da maɓalli ɗaya, shi ake iya kashewa da wasiƙa ɗaya. Wa ya taɓa rufe imel a duniya?

Habu Jamus:
Imel ɗin ma, Malam, gwada ka kafa sabarka a gida, wato kwamfutar da ke adana saƙonni tana rarraba su, ka aika wa mai Gmail saƙo, ka ga ko ba kwandon shara zai faɗa ba. Amma dai akwai waɗanda suka yi tawaye suka ci riba. Kamfanin 37signals, masu manhajojin Basecamp da HEY, sun ce sun kashe dala miliyan 3.2 a 2022 wajen hayar sabobin wasu, galibi na Amazon. Suka sayi nasu injinan a 2023 suka kwashe kayansu.

Oga Isiya Farm Centre:
Habu, su waye ke ba su wuta? Ka zo ka kafa saba a Kano a watan Afrilu, ka ga yadda dizal zai cinye ribar da jarin.

Habu Jamus:
Hahaha, su ma ba a ɗakin kwana suka ajiye ba, wuri suka kama haya a cibiyar adana sabobi. Injin ne nasu.

Lawali Damagaram:
Haya dai, ko ta ina. Kuma ku tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa. Bankuna suka tsaya, masu saba a Turai suka zauna suna kallon allo. Ranar manhajar da ke aiki ba intanet, wadda aka tura daga waya zuwa waya, ita ce sarauniya. Irin ta Sadiq.

Shugaban Zaure:
Jama'a muhawara ta yi daɗi, amma a riƙa taƙaitawa, masu ƙaramar data na kuka. Kuma ina tuna muku cewa duk wannan tawaye a dandalin wani muke yin sa, in ya ga dama gobe mu wayi gari ba zaure.

Sadiq Manhaja:
Ranka ya daɗe, shi ya sa tun bara nake cewa a tara lambobi da imel na 'yan zaure a wani wuri daban, aka ce na cika zargi.

Ƙarin bayani don adalci: bayan surutun da aka yi, a Nuwamban 2025 Google ya ce zai yi wani nau'in asusu na ɗalibai da masu yi don sha'awa, wanda za su iya raba manhaja ga wayoyi ƙalilan ba tare da cikakkiyar tantancewa ba, kuma zai bar wata hanya ga waɗanda suka san abin da suke yi su girka manhajar da ba a tantance ba, bayan gargaɗi. Ke nan surutu yana aiki. Sai dai malamin Islamiyya ɗan shekara sittin, in waya ta nuna masa jan rubutu cewa wannan abu na iya cutar da shi, ba zai danna "ci gaba" ba. Zai kira ni ya ce Sadiq me ka sa min a waya.

Ga abin da na yanke. Zan yi rajistar, don ba zan bar makarantu su tsaya saboda taurin kaina ba. Amma daga wannan wata zan fara gina ta burauza a adireshina, kuma zan sa maɓallin da kowace makaranta za ta sauke duk bayananta a fayil ɗin da Excel ko LibreOffice ke buɗewa. In ni ma na zama mai gadin ƙofa wata rana, su iya tafiya su bar ni.

Maman Ihsan:
Wannan maɓallin na ƙarshe shi ne abin da ya fi burge ni a duk zancen yau. Kuma ka sa kalmar sirri a fayil ɗin, sunayen yaran mutane ne a ciki.

Malam Tukur:
Ka buɗe kod ɗin ma, Sadiq. In Allah ya yi maka wani aikin, wani ya ɗora daga inda ka tsaya.

Sadiq Manhaja:
Malam a bar ni in share abin kunyar da ke ciki tukuna. Akwai wurin da na rubuta sunan makarantar farko a cikin kod ɗin kai tsaye har sau goma sha ɗaya.

Mubarak:
Yayyena da Malamaina, ku yi haƙuri zan karkatar da zance. Na gama 'yar manhajata ta koyon ƙidaya da Hausa don yara, ina so in sa ta a Play Store. Ƙa'idar sabon asusu ita ce sai mutum 12 sun gwada ta kwana 14 a jere kafin a bari ta fita. Na samu biyar a ajinmu. Ko akwai mai taimaka min?

Habu Jamus:
Ka gode wa Allah, da aka fara a 2023 mutum 20 ne. Sa ni a ciki.

Maman Ihsan:
Ni da Ihsan, wayoyi biyu. Turo min ta gefe.

Lawali Damagaram:
Ni ma. Amma in na ga ka rubuta "naira" kawai ba "jaka" ba, zan kai ƙara.

Malam Tukur:
Wayata ba ta da Play Store, na cire shi tun tuni. Turo min APK in duba maka, sannan zan karɓi ta uwargida in yi rajista da ita.

Oga Isiya Farm Centre:
Saura nawa? Akwai yara uku a shago, gobe in sun zo zan sa su girka. Ka dai ja musu kunne kar su goge kafin kwana 14 su cika, don Sani duk abin da ya gani a waya sai ya share wai yana cin wuri.